A Tsara Kuɗin Jinyar Tsofaffi Tun Suna Cikin Hayyacinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu kan abin da ke raba 'yan'uwa a gidaje da yawa, wato kuɗin doguwar jinyar iyaye. Shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa kan ɗauki shekaru, kuma galibi sai bayan dattijo ya kasa sa hannu ake tuna cewa ba a rubuta komai ba.

A fara da lissafi. A rubuta abin da wata ɗaya ke ci: magani, ganin likita, gashin ƙashi, famfas uku zuwa huɗu a rana, abinci, da albashin mai jinya. Wanda ba ya iya tashi ana juya shi duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya, ke nan mutum ɗaya ba zai iya dare da rana ba, a sa albashin mutum biyu. A ninka jimillar sau 12, a gwada da abin da ke shigo wa dattijon. Inshorar lafiya, ko ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ko ta jiha, tana rage kuɗin asibiti da magani, amma ba ta biyan mai kula da shi a gida.

Mai shirin ritaya a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 yana da zaɓi biyu bayan dunƙulen kuɗin farko. Ko ya bar ragowar a kamfanin fansho ana biyansa wata-wata, in ya rasu abin da ya saura na magada ne, ko ya miƙa wa kamfanin inshora ya riƙa biyansa iya rayuwarsa. A na biyun, in ya rasu cikin shekara 10 na farko magada za su karɓi cikon wa'adin, in ya wuce haka babu abin da ya rage musu. Kuma wanda ya koma inshora ba ya dawowa tsarin farko. Dunƙulen kuɗin nan kada ya ƙare a biki da mota, a ware na jinya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne gida. Wani dattijo kan ce ya ba ɗiyar da ke jinyarsa gidan, ya kuma ci gaba da zama a ciki. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya. In bai fita ba har ya rasu, gidan ya koma gado. In kuma a ciwon ajali ya bayar, hukuncin wasiyya ne, ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Baiwar Allah ta yi hidimar shekaru, ta tashi da rigima. Shawarata ita ce gidan ya zauna da sunan mai shi, a sa wani sashe haya, kuɗin ya tafi jinya. Sayarwa ta zama matakin ƙarshe, kuma gida mai takardar mallaka ta gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna bisa dokar filaye ta 1978.

Ciyar da iyaye marasa hali wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali. Amma in iyayen suna da kadara, ɗa ɗaya kuma yake fitar da kuɗi, a rubuta tun farko ko taimako ne ko bashi, da shaidu biyu, a ajiye rasit. Ana biyan bashi kafin rabon gado, sai dai wanda ba shi da shaida wuya yake sha a gaban alƙali.

Sai banki. Riƙe katin Baba da lambar sirrinsa bai mai da kowa wakili ba, haka ma sunan da ya rubuta a fom a matsayin makusanci, wannan don a tuntuɓe shi ne kawai. A je wurin lauya a yi takardar wakilci da ta fayyace asusun da iyakar abin da za a cira, a kai wa bankin tun dattijon yana gane abin da yake sa wa hannu. A sani cewa irin wannan takarda tana faɗuwa in hankalinsa ya gushe. Daga nan sai a kai rahoton likita kotu, alƙali ya naɗa wanda zai kula da dukiyar, shi kuma ya riƙa nuna wa 'yan'uwa lissafi duk wata.

Wassalam.

Daga wani lauya a Kano