Amsa ga Baba Alhaji: ba abin da nake ɓoyewa sai iyalina

Assalamu alaikum Baba Alhaji, ranka ya daɗe.

Ranar Juma'a da daddare a taron kwamitin tsaron unguwa, bayan an gama maganar kuɗin 'yan sintiri aka shiga maganar kyamara, ka juyo ka tambaye ni a gaban kowa, ka ce wai ni da nake aikin kwamfuta ai ni ya kamata in riga kowa saka irin kyamarar nan da ake kallo ta waya, amma sai ga shi ni ne na ƙi, har an gaya maka na ajiye wata kwamfuta a ɗaki tana aiki dare da rana ba a kashe ta. Ka ce, "To kai me kake ɓoyewa? Ai wanda bai ɗauki kayan kowa ba ba ya tsoron bincike." Mutane suka yi dariya, ni kuma na yi shiru, don ba haka kuka tarbiyyantar da mu ba, yaro ya tsaya yana ja-in-ja da babba cikin taro. Amma tunda a bainar jama'a aka yi tambayar, kuma na san da yawa ita ce a ransu, na ga gara in rubuta amsar inda kowa zai karanta. In na yi tuntuɓen harshe a yafe min.

Baba, abin da nake ɓoyewa shi ne abin da kai ma kake ɓoyewa. Gidanka zaure biyu gare shi, kuma tun muna yara akwai BA SHIGA da aka rubuta da fenti a jikin ƙofar ciki, ni da na taso a gabanka tun da na balaga ban sake wuce wannan ƙofar ba sai an yi min iso. Ba wanda ya taɓa cewa Alhaji kayan sata yake ɓoyewa shi ya sa ya yi zaure. Kowa ya san Hajiya ce a ciki da 'yan mata, suna wanki suna kitso ba mayafi, kuma haƙƙinsu ne su sake a gidansu. Kai ka karantar da mu ayar Suratun Nur da ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, kai ka ce mana in ka yi sallama sau uku ba a amsa ba ka juya. To ni abin da na gani shi ne mun gina zaure da bulo da siminti, sannan mun sayo baƙo da kuɗinmu mun rataye shi a tsakar gida, ba ya barci ba ya kawar da kai.

Bari in gaya maka ranar da hankalina ya tashi. Shekaru kaɗan baya na kira wani yaro mai haɗa kyamara ya zo ya duba min wajen ƙofa. Yaron kirki ne a fuska, yana son ya nuna min ya iya aiki, sai ya ciro wayarsa ya buɗe manhaja ya ce, yallaɓai ga ayyukan da na yi. Ya rinƙa shafa allon da yatsa, gida bayan gida, kuma ba tsohon bidiyo ba ne, abin da ke faruwa a lokacin ne. Wani shago, wani gareji, sai ga tsakar gidan wani bawan Allah, matarsa tana shanya da zani ɗaurin ƙirji, yaro yana bin ta da bokiti. Na kawar da kaina na ce masa rufe rufe. Ya ce ai ba komai, shi ya buɗe musu akawun ɗin da imel ɗinsa don in ta lalace ya gyara daga nesa. Wallahi har yau in na tuna matar nan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, ba ta san ni ba, ba ta san na gan ta ba, mijinta kuma yana can yana ganin ya tsare gidansa. Gida nawa ne a unguwarmu mai gidan bai ma san da imel ɗin wa aka buɗe akawun ɗin kyamararsa ba?

Wannan yaro ne guda da waya guda. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, yawancin kyamarorin nan ba daga bango suke tsallakowa cikin wayarka kai tsaye ba, sai sun fara miƙa kansu ga kwamfutocin kamfanin da ya ƙera su a wata ƙasa, shi yake haɗa ku, wasu ma can ake ajiye bidiyon gaba ɗaya. Za ka ce ai manyan kamfanoni ba sa irin wannan wasan yaran. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanin kyamara na Ring, wanda mallakar Amazon ne, ta ce wani ma'aikacinsu ya shafe watanni yana kallon dubban bidiyon mata a ɗakunan barcinsu da banɗakunansu, ba wanda ya tsayar da shi sai da wani abokin aikinsa ya gano. Aka daidaita a kan dala miliyan 5.8. A daidai wannan lokacin Amazon ta amince ta biya dala miliyan 25 saboda na'urar Alexa, wannan lasifikar da ake yi wa magana ta amsa, ta riƙe muryoyin ƙananan yara ba a goge ba. Tun 2019 dama aka bankaɗo cewa akwai mutane da ake biya su saurari wani ɓangare na abin da irin waɗannan na'urori suka naɗa, a Amazon da Google da Apple duka, har a Beljiyam wani ɗan kwangila ya fitar wa 'yan jarida naɗin murya sama da dubu ɗaya na Google, ciki har da waɗanda na'urar ta ɗauka ba a kira ta ba. A ƙasashen da in an yi maka haka kana da lauya kana da hukumar da za ta ci tara kenan. Mu ma muna da dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a 2023, alhamdulillahi, amma Baba wa za ka kai ƙara a kan kyamarar da ko sunan kamfani babu a jikin kwalinta?

Ga kuma talabijin ɗin falo, shi ma ba kallonsa kawai muke ba. A 2017 kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 saboda talabijin ɗinsa miliyan 11 suna tattara abin da mutane ke kallo daƙiƙa bayan daƙiƙa ba da saninsu ba, a haɗa da shekarun mai gida da samunsa da ko yana da aure, a sayar. Sannan a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana gwada kalmomin sirri kusan sittin irin waɗanda kyamara ke zuwa da su daga kamfani, su admin da 12345, ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix na wasu awoyi a Amurka. Masu kyamarorin suna gida ba su san da kayansu ake yaƙi ba.

Yanzu kwamfutar da aka ce maka tana ɗakina. Tsohuwar laftof ce Baba, allonta ma ya tsage, na ɗora ta a kan kanta nesa da hannun yara. Na zaɓe ta ne don tana da batirinta, in NEPA sun ɗauke ba ta mutuwa kafin inbata ta karɓa. Kyamarori biyu gare ni, ɗaya tana kallon ƙofar gida ɗaya tana kallon inda nake ajiye babur, duka da waya na jawo su, bidiyonsu yana sauka a faifan ajiya da ke jikin laftof ɗin, kuma a cikin rawutar gida, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, na toshe musu hanyar fita intanet kwata-kwata. Suna gani, amma ba su da bakin gaya wa kowa. Tsakar gida babu kyamara kuma ba za a saka ba, wannan da uwargida muka yanke. In ina kasuwa ina son in leƙa ƙofa, akwai wata ɓoyayyiyar hanya da na haɗa tsakanin wayata da laftof ɗin da manhajar WireGuard, makullinta a wayata yake kawai. Hotunan suna da na biki da takardun makarantar yara su ma a nan suke, a manhajar Nextcloud, ba a rumbun wani kamfani ba. Talabijin da wayoyin baƙi kuma na ware musu waifai daban, yadda ake sauke baƙo a zaure, ya sha ruwa ya huta amma bai ga cikin gida ba.

Akwai wata ƙaramar manhaja a kai, Pi-hole, ita ce kamar mai gadin ƙofa, duk na'urar da za ta nemi wani waje a intanet sai ta tambaye ta hanya, ita kuma tana rubutawa, in wajen na 'yan talla ne ko masu bin diddigi ta ce babu hanya. Daren farko da na haɗa ta na tashi sallar asuba na duba, sai ga talabijin ɗinmu da muka kashe da rimot tun bayan isha'i, layi bayan layi, ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu, ƙarfe uku, yana ta neman wasu adireshi da ban taɓa jin sunansu ba, kowa yana barci a gidan shi yana aike, kuma da datar da na saya da guminna. Na kira uwargida na nuna mata. Ta daɗe tana kallo sannan ta ce, to wa ya aike shi?

Ba zan ce maka abin ba wahala ba. Akwai wahala. Lokacin zafin Afrilu sai na sa wa laftof ɗin fanka, lokacin hunturu sai na buɗe na kakkaɓe ƙura, in abu ya lalace ba kamfanin da zan kira, ni ne. Faifai yana mutuwa ba sallama, shi ya sa duk wata nake kwafe komai a wani faifan in kai gidan Umma in ajiye, don in gobara ko ɓarawo ya ɗauke na nan kar hotunan yarana su tafi. Kuma wanda bai iya ba ya ce zai buɗe ƙofar rawutarsa ga intanet yana iya jawo wa kansa abin da ya fi na kamfani muni, wannan gaskiya ce. Sannan har yanzu ina riƙe da waya mai Android, ina WhatsApp kamar kowa don can 'yan uwa suke can kwastomomi suke, kuma na san wayar aljihuna ta fi talabijin sanin sirrina. Ban kuɓuta ba, ragewa na yi, na fara da inda matata da 'ya'yana suke zama. Duk wanda ya ga yadda manhajojin bashin nan suka rinƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci saboda bashin da bai taka kara ya karya ba, ya san abin da ka danna "na yarda" a kai yau, gobe da shi za a ɗaure ka.

Toh Baba, ni ban ce kar a saka kyamara a unguwa ba, mun sha wahalar ɓarayin babur da masu ƙwacen waya, ni ma ina so a saka, kuɗina ma yana cikin na farko. Roƙona a saka masu naɗa a akwati, akwatin ya zauna a hannun kwamiti cikin ɗaki mai makulli, mutum biyu ko uku da aka amince da su su san kalmar sirri, ba mai haɗawa ba. Su kalli layi da bakin titi, kar a ɗaga ko ɗaya yadda za ta leƙa katangar wani, don wasu gidajen namu katangarsu gajeriya ce kuma banɗakinsu ba rufi. A kuma yanke kwana nawa bidiyo zai yi kafin a goge, kar ya zama an tara tarihin wace mata ta fita ƙarfe nawa, wa ya zo zance gidan wa. Wannan ba sai an sayi wani abu mai tsada ba, akwatin da ake sayarwa tare da kyamarorin ma ya isa, kawai kar a jona shi da intanet in ba dole.

Su kuma waɗanda suka riga suka saka a cikin gida, ba sai kowa ya ajiye laftof kamar ni ba. Mutum ya tambayi wanda ya haɗa masa da imel ɗin wa aka buɗe, ya mayar da shi nasa, ya canza kalmar sirri, ya cire duk wayar da bai sani ba daga akawun ɗin, in akwai wadda ke kallon tsakar gida ko ɗaki ya juya ta ko ya cire ta. Ranar da na kawo maka katin ɗaurin auren ƙanina na lura da wata farar kyamara a saman ƙofar zaure na biyu, kanta a sunkuye ta ciki, ban yi magana ba don ba hurumina ba ne. In ka ba ni izini, ranar Asabar bayan la'asar zan zo da tsani, a gaya wa su Hajiya su shiga ɗaki, mu duba ta tare, kai da hannunka za ka rubuta sabuwar kalmar sirrin ni zan juya baya.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A gaishe min da Hajiya.

Ɗanka na layin bayan masallaci.