Rahoton Shekara ga Mambobi: Gyaran Matsalar Neman Bayani a Taswirar Intanet

'Yan'uwa mambobi, bayan gaisuwa, ga abin da kwamitin fasaha ya gudanar a bana.

Kuka ɗaya ne ya fi cin lokacinmu: mutum ya danna gini ko titi a taswira, akwatin bayani ya fito fayau, ko ya kawo bayanin wani wuri can daban. Masu kawo kukan sukan ɗora wa rumbun bayanai laifi. Da muka bi diddigi, galibi ɓarnar tana cikin buƙatar da manhaja ke aika wa sabar.

Uwa uba jerin lambobin wuri. A siga 1.1.1 ta WMS, wato ƙa'idar neman taswira daga sabar, idan ana aiki da EPSG:4326, tsarin lambobin wuri na digiri, longitud ke gaba. Da aka zo 1.3.0 sai latitud ta koma gaba, sunan filin tsarin lambobi, SRS, ya zama CRS, X da Y na GetFeatureInfo (buƙatar neman bayanin inda aka danna) suka zama I da J. Duk wanda ya sabunta siga bai gyara BBOX, wato iyakokin yankin da ake nema, ba, tambayarsa kan faɗa wani ɓangaren duniya, sabar kuwa sau da yawa ba ta ce uffan, sai dai ta dawo da amsa ba komai a ciki. Ga Leaflet, manhajar nuna taswira a burauza, yana sa latitud gaba, GeoJSON, tsarin rubuta bayanan wuri, yana sa longitud. Akwai kuma masu cakuɗa digiri na 4326 da mita na tsarin EPSG:3857. Mun yi zaman horo a kan duk wannan, amma a ganin kwamiti sai an maimaita, don har tsofaffin hannu suna tuntuɓe a nan.

Sauran matsalolin ba su ba mu wuya ba. Wasu shimfiɗun taswira ba a buɗe su don tambaya ba. Wasu mambobi ba su sa FEATURE_COUNT ba, wato adadin abubuwan da ake so a dawo da su, alhali idan ba a sa shi ba abu ɗaya tak yake dawowa. Akwai inda burauza ta tare amsa saboda CORS, ƙa'idar tsaro kan karɓar bayani daga wani shafi daban. Teburan rumbun bayanai na PostGIS masu jinkiri kuwa, da aka sa musu fihirisar GiST mai saurin gano wuri, sai suka yi sauri.

Takardar matakan bincike da muka faro ba ta kammala ba, muna neman masu sa kai su ƙarasa ta a baɗi. Kafin nan, mai kawo kuka ya danna F12 a burauza, ya shiga sashen Network, ya kwafo cikakken adireshin buƙatar tare da amsar da sabar ta bayar. Hoton allo kaɗai ba zai isa a duba ba.

Kwamitin Fasaha