Barka da Sallah daga Bakin Kogin Potomac

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, barkanku da shan ruwa, barka da Sallah. Allah Ya karɓi azuminmu, Ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ku da Yaya da yaranta da Auta. Ni ma lafiyata ƙalau, aiki sai godiya.

Inna, kun tambaye ni a waya ko kulle kaina nake yi a ɗaki ranakun hutu saboda sanyi. A'a, yawo nake da ƙafa a ƙananan garuruwan da ke kewaye da Washington, ina bin tarihinsu, ba ɗan jagora ba ayari. Mutum zai karɓi taswira a ofishin baƙi ko ya sauke ta a waya, ya riƙa bin gine-gine ɗaya bayan ɗaya yana karanta allunan da aka kafa. Inda ransa ya so ya tsaya, ba mai ce masa lokaci ya ƙure. Lokacin sanyi ne kuma ya fi dacewa da wannan. Da zafi ya shigo sai wuraren su cika da 'yan yawon buɗe ido, ga gumi, ga ganye ya rufe komai. Yanzu kuwa itatuwa a kaɗe suke, ana hango tushen ginin da ya rushe da tsohuwar hanyar ruwa tun daga nesa. Sai dai yini gajere ne, dole a yi sammako, a kuma sa takalmi mai kama ƙasa don duwatsun suna santsi.

Garin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Harpers Ferry, a jihar Virginia ta Yamma, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya a jirgin ƙasa. Mazaunansa ba su kai 300 ba. Yana zaune daidai mahaɗar kogin Potomac da na Shenandoah, kuma daga bakin mahaɗar ana ganin ƙasar jihohi uku. Ƙarfin ruwan nan ne ya sa gwamnati ta kafa masana'antar bindigogi a wurin, bindigogin kuma suka jawo wa garin abin da ya same shi.

A daren 16 ga Oktoba 1859 wani Bature mai ƙin bauta, John Brown, ya shigo da mutum 21, biyar daga cikinsu baƙar fata, da niyyar ƙwace makamai ya raba wa bayi su 'yantar da kansu. Bayin ba su taso ba. Aka yi musu ƙawanya a wani ɗan ɗakin bulo na ajiye kayan kashe gobara, ranar 18 ga wata sojojin gwamnati ƙarƙashin wani hafsa mai suna Robert E. Lee suka fasa ƙofar, aka rataye Brown ranar 2 ga Disamba a Charles Town, nan kusa. Ba a yi shekara biyu ba yaƙin basasar Amurka ya ɓarke. Gani ya kori ji, Baba: ɗakin ƙarami ne ƙwarai, taku kaɗan mutum ya ƙure shi. Da yake ba kowa sai ni, na daɗe a ciki ina duba kaurin bangon, ina tunanin yadda aka kwana a nan ana jiran mutuwa. Ɗakin ma ba a gurbinsa na asali yake ba. An taɓa warware shi aka kai Chicago don baje koli, aka dawo da shi wata gona, daga nan harabar makaranta, sai a 1968 aka kawo shi kusa da inda ya fito. Wani dutse ne ke nuna ainihin gurbin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai yana 'yan taku daga nan. Mutum na farko da mutanen Brown suka harbe a daren, Heyward Shepherd, baƙar fata ne, ɗa ba bawa ba, mai kula da kaya a tashar jirgin ƙasa. A 1931 ƙungiyoyin zuriyar sojojin Kudu, ɓangaren da ya yi yaƙin basasa don kare bauta, suka kafa masa dutsen tunawa, amma rubutun jiki yabo ne ga baƙar fatan da suka ƙi yin tawaye. Wato sun ari mutuwarsa sun wanke bauta da ita. A ganina wannan zalunci ne na biyu a kansa. Na ji daɗi da yanzu dutsen ba a ɓoye yake ba, an dai kafa allo kusa da shi mai ɗauke da martanin W.E.B. Du Bois, wani marubuci baƙar fata mai fafutukar 'yancin baƙaƙe, mai karatu ya karanta duka biyun ya yanke wa kansa hukunci. Wanda ke cikin ayari ana jansa da sauri zai wuce wurin ne bai lura ba.

Daga nan hanya ta hau tudu ta wasu matakala da aka sassaƙa a jikin dutse, ta gefen cocin da aka gina a 1833, har dutsen da Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya tsaya ya kalli kogunan a 1783. Hawan na sa haki, a nan ne mutum ke gode wa iskar sanyi.

Can sama ne labarin da na san zai ba Baba sha'awa. Bayan yaƙi, a 1867, aka buɗe Kwalejin Storer don koyar da 'yantattun bayi. A nan Du Bois da abokan gwagwarmayarsa suka yi taro a 1906, suka taka zuwa gonar da ɗakin Brown yake a lokacin, suka cire takalmansu don girmama wurin. Kuma a wannan kwaleji Nnamdi Azikiwe ya fara karatu da ya zo Amurka a 1925. Na tsaya a harabar ina mamakin yadda saurayin da zai zama shugaban Najeriya na farko ya sha sanyin wannan tudu. An rufe makarantar a 1955, bayan kotun ƙoli ta haramta wariyar launin fata a makarantu a 1954, jiha ta janye kuɗin da take ba ta. Hukuncin alheri ne, amma shi ya ci makarantar. Hukumar da ke kula da wuraren tarihi ce ke horar da ma'aikatanta a ginin yanzu.

Da na sauko na ga alamomin ambaliya a jikin wani bango. Mafi tsayi na Maris 1936 ne, ruwa ya kai ƙafa 36 da rabi. Sai mutum ya ɗaga kai kafin ya ga layin. Yaƙi ya ƙone masana'antar, ambaliya a kai a kai ta kori sauran sana'o'i, shi ya sa garin bai girma ba, shi ya sa kuma tsofaffin gine-ginen suka tsira daga rusau.

Auta, na ɗauki hotunan allunan duka, zan turo ta wayar Yaya. Ki karanta wa Baba na Storer tukuna, ki faɗa mini abin da ya ce. A gaida Kawu da Gwaggo, a ce ina musu barka da Sallah. Zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, in Allah Ya yarda. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku.