Kafin ka sayi kwamfutar tebur mai araha, sa a buɗe maka cikinta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in ja hankalin 'yan uwana masu zuwa Farm Centre da Beirut Road neman kwamfutar tebur wadda aka riga aka haɗa. Da yawa daga ganin an rubuta Core i7, wato sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar (processor) ta kamfanin Intel, shikenan sai a biya, ba a tambayar wane ƙarni (generation) ce, alhali Windows 11 a cikin na Intel galibi sai ƙarni na 8 zuwa sama take karɓa, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Inda ake matse kuɗi a irin waɗannan shi ne akwatin da ke raba wuta a ciki, a sa mara inganci, to ga yadda wutarmu take zuwa tana ɗaukewa ga zafin Kano ga ƙura, ranar da ya ƙone zai iya tafiya da madabod, wato babban allon da ke haɗa kayan cikin kwamfutar, gaba ɗaya wallahi.

Ni dai haɗawa da kanka ta fi min, ka zaɓi RAM (ma'ajiyar wucin gadi) da SSD (ma'ajiyar fayiloli) ɗinka, gobe ka ƙara. Amma mai shagon buga takardu, tokunbo ta ofis ta ishe shi, ya dai haɗa da sitabilaiza.

Naku,
Mai karatu daga Gwale, Kano