Kar a Ɓoye wa Kamfanin Inshora Kwaskwarimar da Aka Yi wa Mota

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in ja hankalin masu motoci kan wani abu da muke rainawa wajen cike fom ɗin inshora, wato tambayar nan ta ko an canja wani abu a motar daga yadda kamfani ya ƙera ta, sai mutum ya yi maza ya rubuta a'a don gani yake ai rim kawai ya sauya, ko gilas ya sa wa duhu, ko manyan sifiku ya jibga a but. To wallahi duk ana faɗa, balle a ce an taɓa inji ko salansa ko an sa tukunyar gas.

Su fa da abin da ka gaya musu suke auna haɗarin su yanke kuɗin da za ka biya. Rim mai tsada yana jawo ɓarayi kuma yana ƙara kuɗin gyara, injin da aka ƙara wa ƙarfi kuwa gudu ne. Ranar da tsautsayi ya auku jami'insu zai zo ya zagaya motar ya buɗe bonet ya duba, in ya ga abin da babu a takarda suna iya rage diyya ko su hana gaba ɗaya, abin tausayi mutum ya daɗe yana biya.

Ba kowane canji ne ke ƙara kuɗi ba fa, na'urar bin sawun mota wani sa'in ma ragi take jawowa. Wanda ya sayi ta hannu ya sa bakanike ya duba masa me aka sauya tun kafin ya cike fom, in kuma daga baya aka yi aikin a sanar da su, amsarsu ta zo a rubuce.

Na gode,
Mai karanta jaridarku