Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Jami'in Ƙididdiga na Gwamnati a Kan Awon Aikin Masana'antu

Zuwa ga Babban Jami'in Ƙididdiga na Gwamnati,
Hukumar Ƙididdiga ta Ghana, Accra.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne daga Kumasi a kan alƙaluman da hukumarku take fitarwa a kowane rubu'in shekara game da yawan abin da masana'antun ƙasar nan suka samar, da kuma ɗan'uwansu na wata-wata wanda yake auna farashin kaya a bakin masana'anta. Sana'ata ita ce riƙe wa masu ƙananan sana'o'i littafin lissafi a Aboabo da Asawase da Suwame, waɗanda a cikinsu akwai maƙera da masu zubin tukwanen alminiyom da masu walda da teloli da masu dafa sabulu. Buƙatata guda ɗaya ce: duk ranar da za a sanar wa jama'a cewa masana'antu sun hau ko sun sauka, a faɗi a fili waɗanda aka auna da yadda aka auna su, kuma a fara shigar da masu ƙananan sana'o'i cikin awon da kansu, a daina barin manyan kamfanoni suna magana da yawunsu.

Ya kamata in fara bayyana yadda na fahimci aikin, domin masu karatu da ba su saba da shi ba su iya bin zancen. Bisa tsarin rarraba sana'o'i na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda bugunsa na huɗu ya fito a 2008, ma'aunin aikin masana'antu yana ɗauke da sassa huɗu: haƙar ma'adinai da fasa dutse, sarrafa kaya, wutar lantarki da iskar gas, sai ruwan sha da kwasar shara. Ana zaɓar shekara guda a matsayin tushe a ba ta maki 100, sannan a riƙa kwatanta kowane rubu'i da ita. Ba a iya tambayar kowace masana'anta a duk bayan wata uku, don haka ake ɗaukar samfuri daga cikin jerin kamfanonin da ƙidaya ta gano, a aika musu da takardar tambayoyi, a haɗa da bayanan da ke hannun hukumomin da ke kula da ma'adinai da man fetur da lantarki. Kowane reshe yana da nauyinsa a cikin jimla gwargwadon ƙarin darajar da ya samar a shekarar tushe, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin ɗanyun kaya da makamashi daga darajar abin da aka ƙera. Wannan hanya ce karɓaɓɓiya a duniya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara ƙa'idojinta a shawarwarin da ta fitar a 2010. Ba ni da ja a kanta. Ja-in-jar tana cikin abubuwan da adadi ɗaya yake ɓoyewa idan ya fito shi kaɗai a rediyo ko a shafin farko na jarida.

Nauyi shi ne na farko. A ma'aunin farashin bakin masana'anta da aka sabunta a 2022, haƙar ma'adinai ta ɗauki kashi 43.7 cikin ɗari, sarrafa kaya kuma kashi 35. Ma'anar wannan ita ce, abin da ya faru a ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa da Ahafo, ko a rijiyoyin mai na Jubilee da suka fara aiki a Disambar 2010, yana iya jan jimlar gaba ɗaya sama ko ƙasa, ko da babu abin da ya motsa a rumfar mai walda. Idan aka rufe jirgin haƙar mai na makonni don gyara, adadin ƙasa zai sunkuya. Idan sabon rami ya buɗe, zai miƙe. Lissafin bai yi ƙarya ba, amma mai sauraro a Alabar da ya ji an ce masana'antu sun bunƙasa alhali shi ya sallami yaran shagonsa biyu, zai ɗauka cewa hukuma tana yi masa ba'a ne. Maganin wannan ba shi da tsada: a riƙa sanar da adadin sarrafa kaya daban, da murya daidai da wadda ake sanar da jimla, tare da nauyin kowane sashe a gefensa.

Sai batun abin da ake aunawa ɗin kansa. Inda kayan iri ɗaya ne, aikin yana da sauƙi, domin ana ƙirga gangunan mai, da nauyin zinariya, da tan-tan na siminti, da yawan lantarkin da Akosombo da tashoshin Tema da Aboadze suka bayar. Inda kayan suka bambanta, kamar tufafi da kujeru da magunguna, dole a karɓi darajar kuɗi, sannan a cire tashin farashi daga cikinta ta hanyar raba ta da ma'aunin farashi. A nan ne kuskure ƙarami yake zama babba. A ɗauka wani mai sabulu ya sayar da kayan sidi 100,000 a bara, bana kuma ya sayar da na sidi 140,000. A ido ya ci gaba da kashi 40. Amma idan farashin sabulu ya tashi da kashi 50 a tsakanin, ainihin abin da ya dafa ya ragu da kusan kashi 7. Idan kuwa aka yi masa lissafi da ma'aunin wani reshe da farashinsa ya tashi da kashi 30 kawai, takarda za ta nuna ya ƙaru da kusan kashi 8. Mutum ɗaya, tukunya ɗaya, amsa biyu masu karo da juna. A shekara irin 2022, wadda hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a watan Disamba, wannan ya wuce wasan lissafi, domin zaɓin ma'aunin da za a raba da shi shi ne zai yanke ko reshe ya girma ko ya rame. Saboda haka ya dace kowane reshe ya zo da bayanin hanyar da aka bi wajen auna shi, ko ƙirga kaya, ko darajar kuɗi, ko sa'o'in aiki.

Zinariya kanta, wadda ake ganin ƙirga ta ba wuya, tana da nata tarkon. Lokacin da aka ɗora harajin kashi 3 a kan zinariyar ƙananan mahaƙa, abin da ke bi ta hannun hukuma ya faɗi warwas a 2021. Da aka rage harajin zuwa kashi 1.5 a 2022 sai adadin ya farfaɗo, kuma an soke shi baki ɗaya a 2025, shekarar da aka kafa hukumar sayen zinariya ta GoldBod. Duk wanda ya san garuruwan haƙa ya san cewa ramuka ba su rufe a 2021 sannan suka buɗe a shekara mai bi ba. Hanyar da kayan ke bi ce ta sauya. Ma'aunin da ya dogara da bayanan hukuma yana iya rubuta sauyin hanya a matsayin sauyin haƙa, kuma wajibi ne a gargaɗi mai karatu a duk inda haka ta yiwu.

Akwai kuma wani abu da mu mutanen zango muke gani da idonmu, wanda ya shafi kalanda. An saba kwatanta rubu'in bana da takwaransa na bara domin a kauce wa tasirin damina da rani da Kirsimeti, waɗanda suke dawowa a lokaci ɗaya kowace shekara. Azumi da Sallah ba haka suke ba, domin suna matsowa da kimanin kwana 11 a duk shekara. A 2024 Ƙaramar Sallah ta faɗo a mako na biyu na Afrilu, don haka ɗinkin kwanakin ƙarshe, wanda shi ne mafi zafi, ya shiga rubu'i na biyu. A 2025 ta faɗo a ƙarshen Maris, aikin ya koma rubu'i na farko ɗungurungum. Bikin Ista kuma ya yi akasin haka, daga 31 ga Maris a 2024 zuwa 20 ga Afrilu a 2025. Telan da bai ƙara keke ko ɗaya ba zai bayyana kamar ya bunƙasa a wani rubu'i ya durƙushe a na gaba, haka ma masu burodi da masu lemon kwalba da masu rinin yadi. Masana ƙididdiga suna da hanyoyin gyara tasirin bukukuwa masu yawo da na yawan ranakun aiki, kuma ƙasashen da suke da Musulmi da yawa sun daɗe suna fama da wannan lissafi. Ina roƙon a riƙa buga adadin iri biyu, ɗanye da wanda aka gyara, a kuma rubuta a ƙarƙashinsa inda Sallah da Ista suka faɗo.

Ranka ya daɗe, babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne waɗanda ba su cikin jerin. Ƙidayar wuraren kasuwanci ta 2014 ta gano wurare 638,234. Ta 2024 ta gano kimanin miliyan 1.87, kuma fiye da tara cikin goma daga cikinsu ba su cikin tsarin rajista da ajiye lissafi irin na hukuma. Ma'aunin gajeren zango a ko'ina a duniya yana karkata ne ga manyan kamfanoni, saboda su ne suke da akawu da zai cike takarda cikin mako biyu, kuma su ne suke riƙe da kaso mafi girma na darajar kaya. Sauran ana ɗauka cewa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da manya. Wannan zato ne nake ganin bai tsaya da ƙafafunsa ba a ƙasar nan. A shekarun dumso, wato lokacin yawan ɗauke wutar lantarki, musamman 2015, babban kamfani ya sayi janareta ya ci gaba da aiki da ƙarin tsada, mai walda kuwa ya zauna a kan benci yana jiran wuta. Idan sidi ya faɗi, kayan gyaran mota na waje sun yi tsada, sai aiki ya ƙaru a Suwame Magazin, matattarar masu gyaran mota da maƙera ta Kumasi, domin direba zai gwammace a ƙera masa ko a gyara masa tsohon, a daidai lokacin da masana'antar da ke shigo da ɗanyun kaya take rage aiki. Wato ƙanana sukan tafi gabas a lokacin da manya suka nufi yamma. Wanda ya auna buhu ɗaya da mudu ya ce ya san abin da ke cikin rumbu, ya yi daidai ne kawai idan duk hatsin iri ɗaya ne.

Tarihin alƙalumanmu ya nuna abin da tsohon jeri da tsohon nauyi suke jawowa. A 2010, da aka sauya shekarar tushe ta lissafin arzikin ƙasa daga 1993 zuwa 2006, tattalin arzikin Ghana ya ƙaru da kimanin kashi 60 a takarda cikin dare ɗaya, ƙasar ta shiga sahun masu matsakaicin samu. A 2018 aka sake sauyawa zuwa 2013, ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dukiyar tana nan tun da, awon ne bai kai gare ta ba. Tsakanin ƙidayar masana'antu ta 1987 da ta 2003 shekara 16 ne, kuma daga 2014 zuwa 2024 shekara goma. A irin wannan tazara masana'antu suna mutuwa, wasu suna haihuwa, samfurin kuwa yana tsufa a hannun masu amfani da shi.

Ba ina neman a aika wa kowane maƙeri takarda mai shafi goma ba ne, domin ba zai cike ba, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da zai yiwu shi ne ƙaramin samfuri na dindindin daga wuraren da sana'o'in suka taru, irin su Suwame, da unguwar kafintoci ta Sokoban, da rumfunan teloli na zangunan Kumasi da Nima da Tamale, a riƙa sauya wani ɓangare nasa kowace shekara. A yi tambayoyi kaɗan ta waya, da Hausa ko Tuwi ko Dagbanci, a kan abin da mai sana'a yake riƙe da shi a ka: kwana nawa aka yi aiki a watan, mutum nawa suka yi aikin har da almajiran sana'a, buhu nawa na gawayi ko kilo nawa na tsohon alminiyom aka narka, tukwane nawa aka zuba. Mai zubin tukunya ba zai iya faɗin ƙarin darajar da ya samar ba, amma ba zai yi kuskuren yawan tukwanen da suka fita daga rumfarsa ba. Ƙa'idojin duniya sun yarda a yi amfani da sa'o'in aiki ko ɗanyun kayan da aka ci a inda ba a samun adadin kaya kai tsaye. A fara buga sakamakon a matsayin ma'auni na gwaji a gefen babban, har ya nuna ingancinsa.

Cikas ɗin da za a tarar shi ne tsoro. A wurin yawancin mutanen da nake yi wa aiki, duk wanda ya zo da takarda yana tambayar ciniki ɗan haraji ne har sai an tabbatar da akasin haka. Dokar Hukumar Ƙididdiga ta 2019, mai lamba 1003, ta tanadi sirrin bayanan da aka karɓa daga mutum ko kamfani, amma tanadin da ke cikin littafin doka bai isa rumfa ba. Sai an bi ta hannun shugabannin ƙungiyoyin sana'a da sarakunan zango da limamai da gidajen rediyon da jama'a ke saurare, kuma sai an dawo musu da sakamakon sun ga abin da amsarsu ta haifar.

Saura abubuwa biyu da suke hannunku tun yanzu. Kowace sanarwa ta faɗi kashi nawa na kamfanonin samfurin ne suka amsa a kan lokaci, da kashi nawa aka cike gurbinsu da ƙiyasi. Kuma idan amsoshin da suka makara suka iso aka gyara adadin rubu'in da ya wuce, a ajiye tsohon adadin kusa da sabon, domin Babban Bankin Ghana da Ma'aikatar Kuɗi da 'yan majalisa sun riga sun yi magana ko sun yanke shawara a kan na farkon, kuma jama'a suna da haƙƙin sanin girman gyaran. Idan hukumarku ta amince da gwajin samfurin ƙananan sana'o'i, ina ba da shawarar a fara da Kumasi, tun da jerin ƙidayar 2024 bai tsufa ba tukuna, kuma ƙungiyoyin sana'a na Suwame da Sokoban suna da shugabannin da za a iya zama da su.

Wassalam.

Naku,
Mai riƙe littafin lissafin ƙananan sana'o'i,
Aboabo, Kumasi.