Ƙudaje a ido da ciwon kai ga dattawa: wa zai jira, wa zai tafi asibiti yau?

Assalamu alaikum, Likita. Barka da ƙoƙari a wannan fili naka.

Ina neman shawara kan dattawanmu na Agege da Idi-Araba, 'yan shekara 50 zuwa sama, masu zuwa kemis suna cewa ƙudaje ko zaren gizo-gizo na yawo a idonsu, ga ciwon kai.

Abin da na sani shi ne, ruwa mai kauri da ke cikin ido yana tsinkewa da tsufa, ya janye daga tantanin gani na bayan ido, inuwar dunƙulensa ake gani. Yawanci ba komai. Amma idan ƙudajen sun ƙaru farat ɗaya, da walƙiya, ko duhu kamar labule daga gefe, wataƙila tantanin ya yage, dole likitan ido ya duba cikin awa 24. Mai ciwon suga ko sikila kuwa, jini na iya zuba cikin idon.

Shi wannan janyewar ba ya kawo ciwon kai, to idan sun haɗu akwai abin nema. Hawan jini ne farko: 140/90 ya hau, 180/120 tare da dishi-dishi na gaggawa ne. Sai gilakoma, wato hauhawar matsin ruwan ido, mai tasowa lokaci guda: ido ja, zafi, amai, ganin da'ira kewaye da fitila, matsin ido ya zarce awon lafiyayyen ido (21) nesa. Akwai kumburin jijiyar jini ta gefen goshi, wanda muƙamuƙi ke ciwo wajen tauna, yana iya makantarwa cikin kwanaki. Ciwon ɓarin kai kuma walƙiyarsa a ido biyu take, takan wuce kafin awa guda, sai dai ban yarda a ɗora wa ɗan shekara 60 shi ba idan bai taɓa yi ba.

Inda na tsaya, Likita: dattijo ya zo da ƙudaje na mako biyu, ciwon kai sama-sama, awo 150/95, babu walƙiya, babu amai. Kwana nawa zai iya jira kafin ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ko na jiha da ke Ikeja? Ka san cunkoson hanya da kuɗin mota, mutanenmu ba sa tashi sai an ba su dalili. Farasitamol ya wadatar kafin nan? Idan yana shan asfirin kullum kuma ana zargin jini a ido, ya ci gaba ko ya dakata?

Sannan da wace magana za mu raba su da maganin ɗigawa mai sitiroyid (sinadarin rage kumburi) da ake saya ba takardar likita? Yana ɗaga matsin ido, su kuwa sun ga ja ya tafi, sun gamsu.

Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai kemis, Agege, Legas